Ƙara Huɗu a Ɗakin Mai Jego

Shekarar da 'yata ta fari ta samu ciki, ni ce ta ƙarshe da aka gaya wa a gidanmu, kuma haka ya kamata. A wurinmu uwa ba ta rawar kai a kan 'yar fari. Ba ta kiran sunanta, ba ta yabonta a gaban mutane, ko faɗuwa ta yi sai dai wata ta ɗaga ta. Shekara ashirin da huɗu ina ce mata "ke" in tana kusa, "yarinyar nan" in tana nesa. Ba ƙi ba ne, Allah ya sani. Kunya ce, a cikinta aka raine mu, ni kuwa na riƙe ta da kyau har ana misali da ni a dangi.

Wadda ke da bakin magana a kanta ita ce yayar maigidana, wadda kowa ke kira Gwaggo, har da ni. Ita ta yaye ta, ita ta yi mata kitson farko, ita ta raka ta ɗakin miji. A Rigachikun take zaune. Doguwar tsohuwa ce busasshiya mai kakkausar murya, kuma sana'arta ɗaya tun ina ƙwaila: wankan jego. Duk gidan da aka haihu a dangi, daga Rigachikun har Rigasa, ita ake ɗaukowa ta yi kwana arba'in. Saboda haka da aka ce yarinyar nan za ta dawo gidanmu na Unguwar Dosa wankan gida, ba wanda ya tsaya tambayar wa zai kula da ita.

Na san aikin Gwaggo ciki da waje, don a hannunta na yi jego shida. Ruwa ya tafasa, ta tsoma ganyen darbejiya ta fyaɗa miki har ki manta garinku. Ga kunun kanwa, ga gasasshen nama da yaji. Sai kuma babban abin, wato kasko. Abokin gabar Gwaggo a duniya ɗaya ne, sanyi. A ganinta mai jego ɗanyen jiki gare ta, in sanyi ya shige ta to ya shiga ke nan har tsufa. Don haka da an fito wanka sai ta cika kaskon ƙarfe da garwashin gawayi ta dire a gindin gado, ta rufe taga, ta saki labule, ta cusa tsumma a ƙasan ƙofa. Ina tuna ciwon kan da na riƙa yi a jegona, da jiri, da wani barci mai nauyi da ba ya sakin mutum. In na faɗa sai ta ce, "Jinin haihuwa ne yake sauka, kwanta." Ni kuwa sai in kwanta.

Ni tela ce. Ina da ɗan shago a bakin layinmu, keke biyu, da dutsen guga na gawayi don wuta ba kullum ake samu ba. Wata rana a farkon damina ruwa ya tsuge da iska, na ja ƙofar shagon na rufe kada feshi ya ɓata kayan mutane, na ci gaba da guga, ga kaskon da nake ɗibar garwashi a gefena. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Na dai ji kaina yana sarawa, na ce bari in ɗan jingina da bango. Sai ji na yi ana jijjiga ni, ana ja na waje cikin ruwa. Wata mai kawo mini ɗinki ce, ma'aikaciyar jinya, Allah ya jefo ta karɓar kayanta.

"Hajiya, so kike ki kashe kanki?" in ji ta.

Na ce, "Da me? Ba hayaƙi fa. Garwashin ya riga ya kama, jajir yake."

Ta ce, "Ai shi ne ma mugun."

Ta zaunar da ni a kan benci a ƙarƙashin rumfa, ta yi mini bayani dalla-dalla. Ta ce gawayi in yana ci a rufaffen wuri yana fitar da wata guba da ke cakuɗuwa da numfashi, ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari balle mutum ya farga. Janareto ma yana fitar da ita. Ta faɗi sunanta na Turanci, kabon monoksaid, na sa ta maimaita har sau uku. Ta ce farko ciwon kai, sai jiri, sai barci, daga barcin kuma wani ba ya tashi. Ta ƙara da cewa jarirai ta fi saurin kamawa.

Ita shagona take magana a kai, ni kuwa hankalina tuni ya tafi ɗakin da na share wa yarinyar nan. Haihuwarta a tsakiyar Agusta za ta faɗo, lokacin marka, lokacin da Gwaggo ke ninka garwashi. Na tambayi ma'aikaciyar jinyar, to abin da ba a gani ba a shinshinawa ta yaya za a san ya taru? Ta ce akwai wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a bango, ita take ji, sai ta yi kururuwa. Ta ce in nemi mai aiki biyu, wadda ke jin hayaƙin gobara kuma take jin gubar. Ta yagi gefen takardar da nake rubuta awon mutane ta zana mini haruffa biyu, C da O, ta ce in ban ga waɗannan a jikin kwalin ba kada in saya.

Na fara da maigidana. Tsohon direban babbar mota ne da ya ajiye tuƙi, mutum mai son zaman lafiya fiye da kima. Ya saurare ni tsaf yana gyaɗa kai, sannan ya ce, "Gaskiya ne. To ki gaya mata mana."

Na ce, "Ni? Yayarka ce fa."

Ya ce, "Ai shi ya sa."

Kun ji namiji! Mutumin da ya yi shekara talatin yana keta dazuka da tirela, amma sunan yayarsa kawai ya isa ya sa shi neman butar alwala. Sai na daure na kira ta da kaina a waya. Na gaishe ta, na gaida jikoki, na gaida awaki, sannan na ce, "Gwaggo, an ce wai gawayin nan a ɗaki a rufe..." Ba ta bari na kai aya ba. Ta ce, "Wa ya ce? Shida na wanke ki, wanne ne ya lalace? Kuma ke tun yaushe kika fara sa baki a zancen 'yar fari? Kunyar ta ƙare ne?" Na ce Allah ya ba ta haƙuri, na kashe wayar ina huci.

Washegari na rufe shago na hau keke-napep sai babbar kasuwa, takardata a ƙulle a bakin mayafi. Wayyo ni, na sha yawo. Mai shagon farko ya ɗauko mini ƙararrawar ƙofa mai kukan tsuntsu. Na biyu ya ɗauko wadda ke jin hayaƙi kawai, ya rantse mini duk ɗaya ne. Na juya kwalin gaba da baya ban ga haruffana ba, na ce, "Malam, kai ka riƙe rantsuwarka, ni zan riƙe takardata." Wani ma ya tambaye ni ko ofis aka aiko ni, don bai taɓa ganin matar aure ta zo neman wannan abu ba. Ƙafafuna sun yi tsami, taɓo ya ɓata mini gefen zane, na kusa haƙura. Sai wani mai sayar da fitilu ya ce in bi layin masu jajayen tukwanen kashe gobara, in nemi wani dattijo Bazamfare a ƙarshen layin.

Dattijon ya dubi takardar, ya dube ni, ya miƙa hannu saman kanta ya sauko da kwali. "Wagga kike biɗa, Hajiya," in ji shi. Farar aba ce zagayayya, girmanta bai wuce murfin ƙaramin kwano ba, da maɓalli ɗaya a tsakiya. Ga haruffana nan ɓaro-ɓaro a jikin kwalin. Ya ce in toshe kunne, ya danna. La'ilaha illallahu! Har mai shagon da ke kallonsa sai da ya zabura. Ya sa na ƙirga da yatsa: in ta yi ƙara uku ta huta ta sake uku, hayaƙi ne, a nemi inda wuta take. In ta yi huɗu a jere da sauri, guba ce, kada a tsaya neman komai, a fitar da kowa waje, a buɗe ƙofa da taga. Ya nuna mini iri biyu, wadda ake canja wa batir da wadda batirinta ke rufe a ciki na shekaru. Ban yi dogon tunani ba na zaɓi ta biyun. Na san gidana, duk batirin da ya shigo, a rediyon maigidana yake ƙarewa. Na ɗauki uku, ɗaya ta ɗakin jego, ɗaya ta falo don janaretonmu a bayan tagarsa yake, ɗaya ta shago.

Kafawar ma wani wasan kwaikwayo ne. Dattijon ya ce a sa ta can sama a bango, ba a kicin ba, ba kusa da tururin banɗaki ba, ba kuma a bakin taga ba. Maigidana ya aro tsani, ya hau mataki uku, ya ce gwiwarsa. Na ce sauko. Na ɗaure zanena tamau na hau da kaina, noti biyu a bakina, shi yana riƙe da tsanin yana ta "a hankali, a hankali". Ƙusar kankare ta farko ta lanƙwashe, ta biyu ta ɓantaro siminti ya zubo masa a hula. Da ƙyar muka huda, na ɗaure faifan bayan da sukudireba, na ɗora na'urar na murɗa ta ta zauna ɗas. Na danna maɓallin, kajin maƙwabta suka watse. Na sauko ina jin kaina kamar wadda ta gina gidan.

Yarinyar nan ta sauka lafiya a asibiti ranar wata Litinin, namiji, kai cike da gashi. Ban yi guɗa ba, ban ko leƙa fuskarsa a gaban mutane ba. Sai da aka watse na shiga ɗakina na rufe ƙofa na yi sujada. Gwaggo ta iso da ƙullin kayanta da kaskonta, don ba ta yarda da kaskon kowa. Tana shiga ɗakin idonta ya faɗa kan bango. Ta ce, "Wannan fa?" Maigidana ya ce, "Agogo ne na zamani," ya sulale. Ta ƙara kallonta, ta ce agogon da ba hannu ba lamba, Allah ya kyauta.

Na tsara komai, amma na manta abu ɗaya da ko makaho ya san ana yi a ɗakin jego: turaren wuta. Rana ta uku da la'asar mata sun cika ɗakin barka, kusan su goma sha, an zauna har bakin gado. Gwaggo ta ɗebo garwashi a ɗan kaskon turare, ta zuba masa turare da hannu sake, hayaƙi ya turnuƙe sama, daidai kusurwar da na kafa abata. Ina tsakar gida na ji ta ɓarke. Uku, uku, uku. Jama'a, ban taɓa ganin gudu irin na ranar ba. Wata ta fito da takalmin wata, wata ta bar mayafinta, wata tsohuwa ta riƙa salati tana cewa an zo. Jariri ya tsandara kuka. Gwaggo kaɗai ba ta gudu ba. Ta ɗauko muciya ta zungure na'urar ta faɗo kan katifa, ta naɗe ta a cikin zannuwa ta cusa a kwalla ta rufe, sannan ta fito tsakar gida ta tsaya a gabana.

"Wannan aikinki ne," in ji ta, a gaban kowa. "Kin sa wa jinjiri abin firgita. Kin kori baƙi. Uwar 'yar fari guda kina hawa tsani a kanta! Ni kika raina, ko al'adar?"

Matan da suka gama haki sai suka koma dariya. Wata ta ce ashe Hajiya tela ta zama injiniya. Na ji kunya har cikin ƙashina, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne ta wani gefen tana da gaskiya. Ni na kafa ta a kan turare. Na sunkuyar da kai na ce a yi haƙuri. Amma a zuciyata cewa nake, ki gama faɗanki, tsohuwa, wallahi sai ta koma ɗakin nan.

Taimako ya zo mini ta inda ban zata ba. Washegari na kai kunu, na ajiye a bakin ƙofa kamar yadda na saba ba tare da na ɗaga ido ba. Sai na ji yarinyar nan tana magana, ba da ni ba, da bango: "Gwaggo, turaren nan yana sa ni tari, ɗinkin da aka yi mini a asibiti yana mini zafi in na yi. A riƙa turara kayan a waje mana." Gwaggo ba ta iya musa mata komai. Ta yi ƙunƙuni ta yarda. Da na juya zan tafi, yarinyar ta kalli kwallar, ta kalle ni, ta kawar da kai. Ashe ta san komai.

Da safe Gwaggo takan kai ta bayan gida wanka, su ɗauki kusan rabin sa'a. Ina jin ƙarar fyaɗa ganye na faɗa ɗakin, na buɗe kwallar na zaro abata. Ba halin tsani, ba halin guduma. Na taka kujera na ɗora ta a saman kabad ɗin kaya, can baya inda ba a hangowa daga ƙasa, fuskarta a buɗe ba abin da ya rufe ta. Na mayar da zannuwan kwallar yadda suke. Jaririn yana kwance yana kallona da ido ɗaya. Na ce masa, "Kai kuma ka riƙe bakinka."

Aka yi suna lafiya. Kwana biyu bayan suna marka ta sauka, ruwa tsit-tsit ba tsayawa, yini uku ba a ga rana ba. Bango ya yi sanyi, shanya ta ƙi bushewa. A rana ta ukun, bayan wankan safe, na ga Gwaggo ta cika kaskonta har ya yi tozo, ta ƙara sabon gawayi a kan garwashin, ta shige da shi. Na ji ta ja taga. Na ga tsumman ya leƙo ta ƙasan ƙofa. Na koma kicin ina dama kunun kanwa, amma kunnena yana can. Hantsi ya yi, ɗakin shiru. Ko kukan jariri babu. Na ce wa kaina barci suke, ki bar mutane su huta.

Sai na'urar ta ɗauka. Na saki ludayi na ƙirga da yatsa kamar yadda aka koya mini. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ta ɗan tsaya. Ɗaya, biyu, uku, huɗu.

Ban san sanda na ratsa tsakar gida ba. Na banki ƙofar, tsumman ya riƙe ta, na sa kafaɗa na sake banka. Zafi ya buge ni a fuska. Ba hayaƙi ko kaɗan, ɗakin tas, har ƙamshin man jariri ake ji. Gwaggo tana zaune a tabarma ta jingina da bango, carbi a hannu, kanta ya langaɓe, duk wannan kururuwa idonta sai buɗewa yake da ƙyar yana komawa. Yarinyar nan tana kwance a gado da jaririn a gefenta. Na girgiza ta, ta yi wani nishi ta juya kai. A nan ne na kira sunanta. Da ƙarfi na kira shi, sau uku, sunan da ban taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa mata. Ta buɗe ido a firgice. Ina jin ba na'urar ce ta tashe ta ba, jin sunanta a bakina ne.

Na suri jaririn na fita da shi cikin yayyafi, jikinsa ya saki kamar jiƙaƙƙen tsumma. Na miƙa wa maigidana da ya fito da gudu ba hula, na koma na ɓalle taga, na riƙo yarinyar nan na fito da ita tana tangaɗi. Na sake komawa na kama Gwaggo ta hammata na jawo ta har baranda, dogayen ƙafafunta suna jan ƙasa. Tana shaƙar iskar waje ta fara amai. Jaririn kuwa sai da aka ɗan jima, ina hura masa fuska ina kiran sunan Allah, sannan ya yamutsa baki ya saki wani siririn kuka. Ban taɓa jin abu mai daɗin wannan kukan ba.

Maƙwabcinmu ya kwashe mu a motarsa zuwa asibiti. Aka sa musu abin shaƙar iska su ukun, tsohuwa da mai jego da jinjiri. Likitan da ya duba su ya tambayi yadda aka yi muka gane da wuri, don ya ce galibi sai an makara ake kawo musu irin wannan. Maigidana ya gyara tsayuwa ya ce, "Na'ura muka kafa a ɗakin." Muka! Na kalle shi sama da ƙasa. Ya yi tari ya ce, "Wato ita ta kafa." Likitan ya ce mini, "Hajiya, kin yi aiki." Ba zan ɓoye ba, kaina ya yi girma. Da yamma aka sallami manyan, jaririn aka riƙe shi kwana ɗaya, ya dawo gida yana tsotso kamar ba shi ba.

Ranar da ya dawo na aro tsanin nan da rana tsaka, ƙofar gida a buɗe, mata suna shigowa jaje, na hau na mayar da na'urar bango a gaban kowa. Wadda ta kira ni injiniya ita ta riƙe mini tsanin. Kafin arba'in na raka mata huɗu wurin dattijon nan, har ya fara ajiye mini kujera. Labarin na kira sunan 'yar fari kuwa ya zaga dangi har Zariya, ana ta tsokanata. Na ce ku yi ta yi, in an sake ma zan sake.

Ban ƙwace wa Gwaggo aikinta ba. Wanka ya ci gaba, kunu ya ci gaba, nama da yaji ya ci gaba. Kasko ne kawai ya koma baranda, a can ake gasa zannuwa a shigo da su da ɗuminsu. Na ɗinka wa jaririn huluna da safa na ulu, na ɗinka wa uwarsa rigar sanyi mai kauri. Taga kuwa kullum a buɗe take faɗin tafin hannu. Abin da ya dame ni shi ne shirun Gwaggo. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta gode mini ba, ba ta ko ɗaga kai ta kalli bangon ba. Tana aikinta, ta yi sallarta, ta zauna a baranda tana kallon garwashi. Na ɗauka fushi take, na ce oho, ai jikana yana numfashi.

Ranar arba'in yarinyar nan ta fito ta yi ɓul-ɓul, jaririn ya yi kumatu har wuyansa ya ɓace. Aka yi mata kitso da lalle za ta koma ɗakinta. Bayan azahar ina ɗakina ina ninke mata kaya sai ga Gwaggo ta shigo da ƙullinta a hannu, ta tura ƙofa, ta zauna a bakin gadona, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ta ce, "Jibi za ni Rigasa. Jikar ƙawata ta haihu."

Na ce, "Allah ya raya."

Ta murza bakin ƙullin. Can ta ce, "Abar nan ta falo. In kin ciro, kya iya sayen wata?"

Na dube ta. Na so in ce wani abu mai ɗan yaji, don na daɗe ina tanadinsa, amma da na ga fuskarta sai na haɗiye. Na je na ciro ta na kawo. Na nuna mata maɓallin, na ce uku hayaƙi ne, huɗu guba, kuma a yi turare a waje. Ta maimaita da yatsunta, uku, huɗu. Ta kwance ƙullin, ta ɗauko sabon zanen da aka ba ta na sallama, ta naɗe na'urar a ciki a hankali.

"Jarirai biyu suka tafi a hannuna," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Lafiya lau na kwantar da su, ɗaki da ɗumi, ba tari ba zazzaɓi. Aka ce kwana ne ya ƙare, ni ma na ce haka. Tun ranar da kika jawo ni barandar nan ban yi barcin kirki ba."

Na ce, "Gwaggo, ba ki sani ba. Ba wanda ya sani."

Ta ce, "Ɗayan nawa ne. Na fari. Ni na roƙi a ƙara garwashin, don ina jin sanyi." Ta ɗaure ƙullin ta ja shi tamau, ta miƙe tana dafa gwiwa. A bakin ƙofa ta tsaya, ta ce, "Da yanzu shi ma ya yi jika."